Daga Maƙera Zuwa Ɗaki Mai Tafiya: Tarihin Sana'ar Mayar da Mota Gida

Tun ina ɗan firamare, wajen ƙarshen shekarun 1980, wata ƙaramar bas ta tsaya kusa da rijiyar Kusugu a birnin Daura. Turawa biyu suka fito, ƙura ta yi musu buɗu-buɗu. Mu yara ba Turawan ne suka ɗauke mana hankali ba, cikin motar ne: ga gado, ga murhu, ga wurin wanke kwanuka, har da labule a taga. A wancan zamani matafiya daga Turai sukan keto hamadar Sahara ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, wasunsu su shigo Nijeriya ta Kwangwalam, su ratsa Daura su nufi Kano. Tawayen Abzinawa da ya ɓarke a 1990 da rikicin Aljeriya na 1992 su suka tsinke wannan zirga-zirga. To, wace ce ta ƙera irin wannan mota, kuma wane ilmi ke cikinta?

Asalin labarin maƙera ce. A shekarar 1844 wani maƙeri mai suna Johann Bernhard Knöbel ya buɗe maƙerarsa a garin Wiedenbrück da ke yankin Westfalen na ƙasar Jamus, yana ƙera kayan noma da kekunan doki. Zuriyarsa suka gāji sana'ar, kuma da mota ta ture doki sai suka koma ƙera akwatuna masu taya da ake ɗaurawa a bayan mota tana ja. Kamfanin shi ne aka sani da Westfalia.

Motar da ta ɗaukaka sunansu ba su ne suka ƙera ta ba. A 1947 wani ɗan kasuwa Baholande, Ben Pon, ya zana wa kamfanin Volkswagen hoton wata mota mai siffar akwati, direba can gaba, inji can baya, tsakiya kuwa fili fetal. Aka fara ƙera ta a 1950, kuma ita ce muka sani da kombi. A 1951 Westfalia ya fito da abin da ya kira Camping Box, watau jerin kabad da benci da teburi waɗanda ake shigarwa cikin kombi ranar hutu, a mayar da bencin gado da dare, in Litinin ta zo a fitar da su motar ta koma bakin aikinta na dako. Wannan dabara ce ta karɓu, domin a Jamus ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba kowa ne zai iya mallakar mota biyu ba. Daga baya aka riƙa kafe kayan dindindin, aka kuma yanke rufin aka sa wani mai ɗagawa sama da tanti a gefensa, don mutum ya iya miƙewa tsaye. A Ingila ma kamfanin Martin Walter na garin Folkestone ya yi irin wannan aiki da motocin Bedford a ƙarƙashin sunan Dormobile.

Abin da ya sa kombi ta dace da hamada shi ne injinta iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Babu lagireto balle ya tafasa ko ya yi yoyo a inda ruwa ya fi fetur tsada. Injin na farko ƙarfinsa bai wuce na doki 25 ba, shi ya sa ba ta da sauri, amma kusan kowane makaniki yana iya kwance shi ya ɗaura.

Ni da yake fannina nazarin halittu ne, abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda jikin ɗan Adam ke rayuwa cikin akwatin ƙarfe. Ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri, yana kuma sakinsa da sauri. Motar da ta wuni cikin ranar bazara sai ta zama tanda, da asuba kuwa a lokacin hunturu ta zama randa. Maganin da masu wannan sana'a suka samo shi ne su cusa abu mai laushi, kamar soso ko audugar gilashi, tsakanin ƙarfen da allon katakon da ke ciki. Ba soson ne ke tare zafi ba, iskar da ta maƙale cikin ƙananan ramukansa ce, domin iska mai zaune wuri ɗaya ba ta iya miƙa zafi sosai. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ciyawa sannan ya kwana a ɗakin kwano ya riga ya san wannan darasi da jikinsa, ko da bai san sunansa ba.

Sai batun numfashi, wanda ya fi zafi haɗari. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da kimanin kashi 0.04 cikin ɗari na iskar kabon dayoksaid, amma wadda muke fitarwa tana ɗauke da kusan kashi 4, ninki ɗari ke nan. Bugu da ƙari, mai barci yakan fitar da ruwa kimanin kofi guda a dare ɗaya ta numfashi da fata. Wannan tururi in ya taɓa ƙarfe mai sanyi sai ya koma ruwa, ya jiƙa katako, ya jawo fumfuna da tsatsa. Saboda haka ake barin kafar iska a ƙasa da kuma wata a rufi: iska mai ɗumi ta fice ta sama, sabuwa ta shigo ta ƙasa.

Babbar makashiya kuwa ita ce kabon monoksaid, iskar da ke fitowa idan gawayi ko gas ko fetur ya ci wuta ba tare da isasshen oksijin ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Sinadarin himoglobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda aikinsa ɗaukar oksijin ne zuwa sassan jiki, yana kama wannan iska da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Mutum zai fara jin ciwon kai da jiri da kasala, in barci yake yi kuma ba zai farka ba. Ina roƙon malamai su jaddada wa ɗalibai wannan, domin ba sai a motar Turawa ba: direban da ya rufe gilashi ya kwana da inji a kunne, da mai shigar da kaskon wuta ko janareto ɗaki ya rufe ƙofa, duk haɗarinsu ɗaya.

Akwai kuma lissafin nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin ruwa da batir da tukunyar gas ana kafe su ne a ƙasa, tsakanin tayoyi. In nauyi ya taru a sama, mota takan kife a kwana. Wannan shi ne abin da muke gani a hanyar kasuwannin ƙauye, inda ake jibga buhuna a kan rufin bas.

Mu ma muna da namu masu sauya mota. Motocin majigi da suka zagaya garuruwan Arewa tun zamanin Turawa an gyara su ne musamman don ɗaukar injin nuna hoto. Manyan motocin dako kuwa kai da ƙashin baya kawai ake saye, kafintoci da masu walda su gina bodin, kamar yadda ake yi a wurare irin su Panteka ta Kaduna. Kombi kanta an harhaɗa ta a masana'antar Volkswagen ta Legas, wadda ta fara aiki a 1975, sai dai mu kujeru muka ƙara mata, ba gado ba. A ganina dalilin a fili yake: matafiyi a ƙasar Hausa yana da masauki a gidan ɗan'uwa ko na fatoma, mota kuma jari ce da dole ta kawo kuɗi kullum.

Shi kuwa Westfalia, dogaro da motar wani ne ya kusa kashe shi. Kamfanin DaimlerChrysler ya sayi wani kaso nasa a 1999, ya mallake shi gaba ɗaya a 2001. Da Volkswagen ya ga abokin aikinsa ya koma hannun kishiya, sai ya fara gyara motocinsa da kansa. A 2010 Westfalia ya durƙushe saboda bashi, har sai da kamfanin Rapido na Faransa ya saye shi ya ci gaba da aiki da sunan. Kombi mai tsohuwar siffa kuwa, ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Burazil a watan Disamba na 2013.