Gulbin Maraɗi: ruwa ɗaya, suna barkatai

Duk wanda ya tsaya bakin Gulbin Maraɗi cikin bazara, ba abin da zai gani sai rairayi fari fat, da sawun shanu, da yara suna tonon ruwa da ƙwarya. Baƙo zai ɗauka wata tsohuwar hanya ce aka bari. Amma da damina ta sauka, wurin nan sai ya cika da jan ruwa mai ƙarfi, har ƙetare shi ya gagari mutum da dabba. Watanni kaɗan ne gulbin yake gudu cikin shekara, amma a kan waɗannan watanni rayuwar ɗimbin manoma da makiyaya na jahar Maraɗi ta dogara.

Mafarin gulbin yana ƙasar Katsina, cikin Najeriya. A can mutane suna kiransa Gada. Daga wajen Jibiya yake ƙetaro iyaka ya shigo Nijar, ya nufi arewa ta ƙasar Madarunfa da Jiratawa, ya bi ta gefen birnin Maraɗi. Daga nan sai ya karkata yamma, ya wuce Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya sake komawa Najeriya ta ƙasar Sakkwato, bayan ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 cikin Nijar. A can yake zubawa cikin Gulbin Rima, Rima ta haɗu da Gulbin Sakkwato, su tafi tare har kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa. Ashe ruwan da ya zuba a gonakin Katsina sai ya sake suna sau da yawa kafin ya kai teku.

Hausawa ba sa raɗa wa ruwa suna da ka. Kowane irin ruwa da sunansa. Ƙorama ita ce ƙaramar magudana, gulbi ya fi ta girma da faɗin kwari, tabki ruwa ne da ke kwance wuri ɗaya, fadama kuwa ita ce ƙasa mai laka da dausayi wadda ruwa ke malalewa a kanta. Sau da yawa gulbi yana ɗaukar sunan babban garin da ke bakinsa, ko na icen da ya fi yawa cikin kwarinsa. Misali, Gulbin Kaba, wanda ke ratsa ƙasar Mayahi, ya sami sunansa daga kaba, wato ganyen ƙaramar goruba da ake saƙa tabarma da igiya da shi. Gulbin Gabi, wanda ke ba Tabkin Madarunfa ruwa, sunan garin Gabi ya ɗauka. Da Turawan Faransa suka zo zana taswira, kalmar gulbi ɗin nan suka riƙe, suka rubuta ta da irin nasu baƙaƙe, shi ya sa har yau take cikin takardun hukuma.

Shi kansa sunan Maraɗi asalinsa sunan sarauta ne, gari ya gada daga mai riƙe da ita, gulbi kuma ya gada daga gari. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, gidan sarautar Katsina ya yi hijira, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819. Kurmin da ya rufe kwarin gulbin a lokacin shi ne garkuwarsu, domin dawakin abokan gaba ba sa iya kutsawa cikinsa da sauƙi. Gobirawa ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, cikin wannan kwari suka kafa sabon birninsu, Tsibiri. A Hausa kuwa, tsibiri tudu ne da ruwa ya kewaye.

Gulbin da ya ba mutane mafaka shi ne kuma ya tashe su. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, dole aka mai da gari bisa tudu, inda yake a yau da titunansa miƙaƙƙu. Gonaki dai suka tsaya a fadama, domin can ne albarka take. Idan ruwa ya janye yakan bar laka, a shuka dawa da masara, da rani kuma a yi lambu na tumatir, albasa, tattasai da zogale. Ko gulbi ya ƙafe a ido, ruwa yana kwance kusa ƙarƙashin rairayi. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Da wannan ruwa na ƙasa ake ban ruwa a filin noman rani na Jiratawa, mai faɗin kimanin hekta 500, wanda gwamnati ta gyara a farkon shekarun 1980.

A ƙarshen waɗannan shekaru Najeriya ta gina madatsar ruwa a Jibiya, a kan Gada. Tun daga nan gudun gulbin ya sake, ambaliyar da ke shimfiɗa laka cikin fadamun Nijar ta ragu. Manomin Gidan Rumji bai taɓa ganin madatsar ba, amma yana ganin alamarta cikin gonarsa. Saboda irin wannan matsala ne ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniya a Maiduguri cikin watan Yuli na 1990, domin raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci. Kwaruruka huɗu aka ambata a cikinta, har da na Magiya da na Komadugu Yobe. Wannan gulbi kuwa da sunayensa biyu aka rubuta shi, Gada da Gulbin Maraɗi, don kada wani ya ce ba nasa ake nufi ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 da mazauninta a Yamai, ita aka ɗora wa nauyin bin wannan alkawari.

Sai dai ba daga ƙetaren iyaka kaɗai haɗari yake zuwa ba. Saran itace a bakin gaɓa yana sa ƙasa ta zaizaye, rairayi ya gangaro ya binne fadama, ya cike tabki. Wannan aiki ne da ba ya jiran taron manyan ƙasa. Hakimai da masu gari, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyin manoma, kowa yana da abin yi: a tsare gawo da goruba, a dasa itatuwa bakin gulbi, a bar wa dabbobi burtali da mashaya. Mutumin Jibiya ya ce Gada, mutumin Tsibiri ya ce Gulbi, amma daga ƙwarya ɗaya suke sha.