3.2 Matsalolin Ɗora TinyOS a kan Guntun ATmega328P

A wannan sashe za a yi bayanin abubuwan da ake cin karo da su wajen ɗora babbar manhajar TinyOS a kan guntu mai arha. Abin da ake nufi da guntu a nan shi ne maikurokantirola, wato 'yar ƙaramar kwamfuta wadda ƙwaƙwalwarta da ma'adanarta suke haɗe wuri guda.

An ƙirƙiro TinyOS ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakeli a ƙasar Amurka, domin ƙananan na'urorin auna yanayi masu aika wa juna saƙo ta rediyo. Da harshen nesC aka rubuta ta. Fitowarta ta biyu, ta shekarar 2006, ta kasa hulɗa da na'ura zuwa hawa uku. Hawan ƙasa shi ke magana da guntu kai tsaye, na sama kuwa fuskarsa ɗaya ce a kowace na'ura. Saboda haka yawancin aikin mai ɗorawa yana hawan ƙasa da na tsakiya.

Matsala ta farko ita ce ƙarancin wuri. Na'urar MicaZ, wadda TinyOS ta saba da ita, tana amfani da ATmega128 mai ma'adanar dindindin kilobayit 128 da ta wucin gadi kilobayit 4. Shi kuwa ATmega328P, wanda ke kan allon Arduino Uno, kilobayit 32 da kilobayit 2 kawai gare shi. Dole ne a rage yawan saƙonnin da ake ajiyewa a layi, in ba haka ba bayanai su hau kan juna, na'urar ta tsaya cik.

Matsala ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, ita ce ta agogo. Irin waɗannan na'urori da batir suke aiki, don haka barci suke yi mafi yawan lokaci, sai agogo ya tashe su. A MicaZ akwai kiristal mai bugu 32,768 a daƙiƙa, da ƙafafunsa na daban, wanda ke ci gaba da ƙirga lokaci ko da guntun yana barci. A ATmega328P kuwa, ƙafafu biyun da za a jona wannan kiristal su ne kuma na babban agogo, kuma a allon Uno an riga an ba babban agogon su. Mafita ita ce a raba guntun da allon, a tafiyar da shi da agogonsa na ciki mai megahaz 8, sannan a jona ƙaramin kiristal a ƙafafun. Yin haka yana kuma kawar da fitila da guntun USB na allon, waɗanda ke shan wuta ba hutawa.

Ta uku ita ce rediyo. CC2420 na MicaZ yana ɗaukar saƙo mai tsawon bayit 127, amma nRF24L01+ mai arha ba ya wuce 32. Ke nan sai an taƙaita kan saƙo, ko a yanka shi gunduwa-gunduwa.

Bisa ga waɗannan bayanai, ana iya cewa ba tashin manhaja a kan guntu kaɗai ne ma'aunin nasara ba. Na'urar da ba ta iya barci za ta cinye batirinta da wuri, kuɗin canza shi kuma ya shafe arhar da aka nema. Wannan ne ya sa babi na gaba zai fara da gwajin shan wuta.