Takardar bayyana manufa: me ɗanka zai rubuta kafin a ɗauke shi karatun digiri na biyu?

Makiyayi da ya sayar da bijimi, da ɗan kasuwar Gallabat da ya tara kuɗin riɗi domin ɗansa ya gama jami'a, wannan maganar taku ce.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, karatu ya tsaya a jami'o'in Khartoum, yaranmu da dama suka koma neman tallafin karatu a waje, irin na DAAD a Jamus ko na gwamnatin Turkiyya da ake buɗewa a watan Janairu. Bayan sakamakon jarrabawa, ana neman wata takarda mai shafi ɗaya ko biyu, wadda yaro zai faɗi abin da yake son bincikawa da dalilinsa. Masu maki mai kyau suna da yawa, shi ya sa wannan takardar ke rarrabe su.

To, me zai sa a ciki? Na farko, tambaya guda takamaimiya. Kada ya ce yana son kimiyya tun yana ƙarami, kowa haka yake cewa. Gadarif cike take da tambayoyi. Ga cutar kala-azar da wani ɗan mitsitsin ƙuda ke yaɗawa a ƙauyukan bakin kogin Rahad da Atbara. Ga cututtukan dabbobi da ke tsallaka iyaka da garke tsakanin Gallabat da Matamma. Ga dawa da riɗi da ke dogaro da damina kaɗai.

Na biyu, abin da ya riga ya yi da hannunsa: binciken shekarar ƙarshe a Jami'ar Gadarif, samfurin da ya tattara, da abin da ya gano. Idan ya taso a ruga, ya faɗa, domin sanin burtali ilimi ne.

Na uku, dalilin zaɓen wannan jami'ar. Ya karanta aikin malaman sashen, ya ambaci wanda bincikensa ya dace da nasa. Na huɗu, abin da zai yi da karatun idan ya dawo gida.

Shekarun da yaƙi ya cinye kuma, ya bayyana su a layi biyu, ba tare da roƙo ba.

Ku kiyaye, kada ku biya wani ya rubuta masa, kada kuma ya kwafo daga intanet. Wasu masu tallafin kan yi hira da yaro, in takardar ba tasa ba ce nan take asiri ke tonuwa. Ya rubuta da kansa, malaminsa ya duba masa kafin ranar rufewa.

Allah ya ba yaranmu sa'a.