Sabon mai lambu, ka tambayi kasuwa kafin ka zuba iri

Da zarar an kai gero rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ka ga jama'a sun nufi fadama, daga kwarin Gulbin Maraɗi a Gidan Rumji har zuwa Agye da Gazawa. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani, lambu ya zama jari ga gidaje da dama. Yau 'yan kasuwa da mata masu sayar da kayan miya su ma suna son gwadawa. Sai dai sabon shiga yakan tafka asara idan bai san lokaci ba.

Lokacin lambu a jahar Maraɗi shi ne na sanyi, daga Oktoba zuwa Fabrairu. Tumatir, salati, kabeji, karas da albasa duk sanyi suke so. Wanda ya makara har zafin Afrilu ya riske shi zai ga furen tumatir yana zubewa, salati kuma ya yi tsiri ya yi ɗaci.

Mai farawa ya soma da salati, domin cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu kuɗinsa ya fara dawowa. Tumatir da kabeji ana renonsu kamar mako 4 kafin dashe. Karas ba ya son dashe, a fangalinsa ake zuba shi. Albasa irin ta Galmi tana buƙatar haƙuri: mako 6 zuwa 7 a wurin reno, sannan kusan wata 4 bayan dashe. Amfaninta shi ne tana ajiyuwa har ta yi daraja.

Babban kuskure shi ne zuba iri duka rana ɗaya. Kowace mai tebur ta san yadda tumatir ke faɗuwa warwas idan na kowa ya nuna tare. A raba shukar, ana ƙara fangali ɗaya ko biyu duk mako 2. A kuma lissafa da azumi, lokacin da salati ke tashi: a 2025 ya kama farkon Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11.

Idan zafi ya shigo, a koma ga kuɓewa, rama, alayyafo da zogale. Zogale kuwa in yana samun ruwa ana tsinkarsa shekara zagaye.

Kada a kama fili fiye da ƙarfin rijiya. A zuba takin dabbobi da ya ruɓe, a yi shinge saboda awaki, a yi ban ruwa safe da yamma. Fangali 5 da suka ƙoshi sun fi 20 masu ƙishirwa. Mai niyya ya tanadi iri tun Satumba, domin da sanyin safiya ake kama fara.