Get-bawul Ko Bol-bawul: Wanne Ya Dace Da Bututun Ruwanka?

A yau za mu duba wata ƙaramar na'ura da ba a cika damuwa da ita ba sai ranar da ta lalace, wato bawul, abin da ke buɗe ruwa da rufe shi a jikin bututu.

A gari kamar 'Yankuzo da ke ƙaramar hukumar Tsafe a jihar Zamfara, rijiyar burtsatse mai aiki da sola da tankinta na sama su ne gatan unguwa. Idan bawul ɗin da ke ƙarƙashin tankin ya ƙi rufuwa, ruwan da aka wuni ana tarawa sai ya tsiyaye cikin dare. Idan kuma ya ƙi buɗuwa, ga ruwa a tanki amma mata da yara sun koma neman na rafi. Samo sabo yakan buƙaci tafiya Tsafe, Gusau ko Funtuwa, ga kuɗin mota, ga halin da hanya take ciki. Don haka gara a zaɓi wanda ya dace tun ranar farko.

Yadda kowanne yake aiki

Get-bawul shi ne mai zagayayyen hannu kamar ƙaramin sitiyari. A cikinsa akwai wani faifan ƙarfe da ke aiki kamar ƙofa. Idan ka murɗa hannun, sandar da ke da zare za ta ɗaga faifan sama, ruwa ya wuce. Idan ka murɗa baya, faifan ya sauko ya zauna cikin wani gurbi ya tare hanya. Sai ka juya shi sau da yawa kafin ya buɗe ko ya rufe gaba ɗaya.

Bol-bawul kuwa shi ne mai miƙaƙƙen hannu. A cikinsa akwai ƙwallo mai huji a tsakiya. Idan hujin ya daidaita da bututu ruwa ya wuce, idan ka juya hannun kwata ɗaya, wato digiri 90, jikin ƙwallon ya toshe hanya. Ƙwallon yana zaune ne tsakanin zobba biyu, waɗanda a mafi yawan na tagulla ake yi da sinadarin Teflon, irin wanda ake yin farin tef ɗin naɗe zaren bututu da shi. Roy Plunkett ne ya gano sinadarin a kamfanin DuPont na Amurka a shekarar 1938, kuma samuwarsa ta taimaka wajen yaɗuwar wannan bawul, domin yana da santsi kuma yana like ruwa sosai.

A yi hattara wajen saye: wasu masu shago suna kiran fulotar tanki, wadda ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika, da sunan bol-bawul. Ka bayyana cewa mai hannu kake so na jikin bututu.

Inda bol-bawul ya yi fice

Na farko, sauri. Idan bututu ya fashe, juyi ɗaya ya isa. Na biyu, ana gane halinsa daga nesa: hannu ya bi tsawon bututu, a buɗe yake, ya gitta shi, a rufe yake. Wannan yana da amfani a famfon jama'a inda hannaye da yawa ke taɓawa.

Na uku shi ne batun yashi. Yankin Tsafe da Bungudu ƙasa ce mai duwatsu, kamar yadda dutsen Kwatarkwashi ke nunawa, kuma ba sabon abu ba ne sabuwar burtsatse ko ruwan rafi su zo da yashi da laka. A get-bawul, wannan yashi yana taruwa a gurbin da faifan ke zama, sai faifan ya kasa kaiwa ƙasa, ruwa ya riƙa ɗiga. Mutum ya ƙara ƙarfi wajen murɗawa, zaren ya cinye ko sandar ta karye. Bol-bawul ba shi da wannan gurbin. Shi ma yashi mai yawa yana karce masa ƙwallo a hankali, amma ya fi jurewa.

Inda get-bawul ya yi fice

Saurin bol-bawul shi ne kuma aibinsa. Ruwan da ke gudu cikin dogon bututu yana da nauyi. Idan aka tare shi farat ɗaya sai ya daki bawul da bangon bututu, ka ji ƙara kamar an buga guduma. A lissafin injiniyoyi, tsayar da ruwa mai gudun mita 1 a daƙiƙa nan take yana iya ƙara matsi na kusan ba 4 a bututun roba na PVC, ko kusan ba 12 a na ƙarfe. Don a gane girman wannan, tsayin ruwa mita 10 ne ke ba da ba 1. Ke nan tankin da ke kan mita 6 bai wuce ba 0.6 ba. Irin wannan duka ne ke ɓalle mahaɗar da aka like da gam, musamman a layin da famfo ke turawa.

Get-bawul ba ya rufuwa sai a hankali, saboda haka ruwan yana rage gudu kafin ya tsaya. Haka kuma idan bututu ya kai inci 3, 4 ko sama, bol-bawul yana yin tsada kuma hannunsa yana yin tauri. Shi ya sa a manyan layukan ruwan birni da na manyan ayyukan ban ruwa, irin na madatsar Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, nau'in da ake rufewa a hankali ya fi dacewa.

Kuskuren da ake yawan yi

Mutane da dama suna barin bawul rabi a buɗe don rage ƙarfin ruwa. Babu ɗaya cikin biyun da aka yi don wannan aiki. A get-bawul, ruwan yana kaɗa faifan har bakinsa ya cinye, daga nan ba zai sake rufuwa da kyau ba. A bol-bawul, ruwan yana cin gefen zoben. Idan rage ruwa kake buƙata kullum, nemi gulob-bawul, shi aka ƙera domin haka.

Manomin rani mai injin ban ruwa ya fi kyau ya rage totur a maimakon matse bawul. Kada kuma a taɓa matse ɓangaren da inji ke zuƙo ruwa, domin hakan yana lalata farfelar cikinsa. Haka nan kada a rufe bawul ɗin bakin burtsatse alhali famfon cikin rijiya, wanda ake kira sumo, yana aiki. Gudun ruwan ne ke sanyaya shi, idan ruwa ya tsaya zai yi zafi ya ƙone.

Wanne a ina?

- Ƙarƙashin tanki da rassan cikin gida, daga rabin inci zuwa inci 2: bol-bawul.
- Kafin kowane kan famfo na jama'a: ƙaramin bol-bawul, don a gyara ɗaya ba tare da an tsayar da sauran ba.
- Dogon layi mai inci 3 ko fiye, wanda ba a cika rufewa ba: get-bawul.
- Layin da ke fitowa daga sumo: kowanne ka sa, ka haɗa da bawul mai hana ruwa komawa baya, kuma ka riƙa rufewa a hankali bayan an kashe famfo.

Abin dubawa a shago

Ko a Gusau kake saye ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, duba rubutun jikin bawul ɗin. DN25 yana nufin inci 1, DN50 inci 2. PN10 ko PN16 yana nufin zai ɗauki matsin ba 10 ko 16.

Leƙa cikin bol-bawul ka ga faɗin hujin. Akwai mai huji daidai da faɗin bututu, akwai mai ƙarami. Tunda matsin tankin sama kaɗan ne, mai cikakken huji ya fi dacewa, in ba haka ba ruwa zai riƙa zuwa a sanyaye.

Ɗaga shi ka ji nauyi. Na tagulla na gaske yana da nauyi, jabun da aka shafa wa launi kuwa sakayau yake. Ka kuma kara mayen ƙarfe kusa da ƙwallon ta bakin bawul ɗin. Tagulla ba ta kama shi, idan ya kama sosai to akwai alamar baƙin ƙarfe ne wanda zai yi tsatsa.

Na roba ya fi araha kuma ba ya tsatsa, amma rana tana busar da shi, hannunsa ya karye. A zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, duk bawul ɗin roba da ke fili yana buƙatar inuwa ko ɗan akwatin bulo. A wurin da jama'a ke taɓawa kullum, na tagulla ya fi kai wa.

Kulawa

Bawul ɗin da ya shekara ba a taɓa shi ba yakan cije. Duk wata ɗaya ko biyu a rufe shi a buɗe. Idan ka buɗe get-bawul har ƙarshe, mayar da hannun baya kaɗan don kada ya manne. Idan yana ɗiga ta wuyan sanda, ƙara ɗaure notin da ke wurin kaɗan, sau da yawa ya isa. Ka ce wa mai gyaran famfo ya sa mahaɗa mai kwancewa, wato yuniyon, kusa da kowane bawul, don a canza shi ba tare da yanka bututu ba. Kwamitin da ke kula da burtsatsen unguwa kuma ya ajiye bawul ɗaya na ko-ta-kwana daidai da girman na ƙarƙashin tanki, tare da tef da gam.

Mu haɗu a darasi na gaba, inda za mu duba yadda ake daidaita ƙarfin sumo da yawan faifan sola.