Me Ke Sa A-Kori-Kura Ta Riƙa Janyewa Gefe Guda?

Tun daga zamanin Peugeot 404, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, har zuwa Toyota Hilux, a-kori-kura ce jakin manoma da 'yan kasuwa. Ita ke kwasar hatsi da taki da fasinja zuwa kasuwannin ƙauye. Daga cikin matsalolinta akwai wadda direbobi kan raina, wato mota ta riƙa janyewa hagu ko dama alhali sitiyari na tsaye. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Saboda haka gyangyaɗin daƙiƙa biyu ya isa ya kai irin wannan mota cikin rami, ko gaban wata babbar mota.

Janyewar mota alama ce ta ciwo, kamar yadda ɗingishi yake ga ɗan Adam. Mai ɗingishi yana iya zama ƙaya ya taka, yana iya zama targaɗe ko karaya. Likita nagari kan fara duba tafin ƙafa kafin ya nemi hoton ƙashi. Haka bakanike nagari kan fara da abu mai sauƙi da araha, kuma yakan canza abu ɗaya tak kafin kowane gwaji, domin in ya canza biyu ba zai san wanne ya yi magani ba.

Hanya da Kaya

Da gangan injiniyoyi kan gina kwalta tsakiyarta ta ɗan fi gefenta tudu, domin ruwan sama ya gangare. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, lafiyayyar mota ma takan ɗan zame dama a hankali. Don haka a fili mai shimfiɗe ya kamata a yi gwaji. Sannan a sauke kaya, domin buhunan da aka jibge a ɓangare guda kan danne wannan gefe, su karkatar da motar.

Taya

Tayar da iskarta ta ragu takan baje a ƙasa, ta ƙara tirjiya, sai mota ta juya zuwa gefenta, kamar kwalekwalen da aka tsoma wa filafili a gefe ɗaya. A auna iska da geji da safe kafin a yi tafiya, domin zafi na ƙara matsin iska, a kuma bi adadin da kamfanin motar ya rubuta.

Idan iska ta yi daidai amma janyewar ba ta daina ba, sai a musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. In motar ta koma janyewa ɗaya gefen, to laifin taya ne. Ɗalibi na iya ganin dalili da kofin shayi mai faɗin baki: in ya gara shi a ƙasa ba zai miƙe ba, sai ya karkata wajen ƙaramin bakinsa. Tayar da ta cinye a gefe guda haka take yi, kuma maganinta sauyawa.

Birki

A nan ana bukatar lura da lokacin da motar ke janyewa. Birkin da ya cije yakan ja mota zuwa gefensa ko ba a taka shi ba. Bayan gajeriyar tafiya, a kusantar da hannu ga kowane wili ba tare da taɓawa ba. Wanda ya fi zafi shi ne mai cijewar, domin gugar ƙarfe na mayar da ƙarfin tafiya ya zama zafi. Amma in sai an taka birki motar ke fizgewa, to tana bin gefen da birkinsa ya fi kamawa ne, kuma sau da yawa ciwon yana ɗaya gefen, inda mai ko giris ya ɓata fatar birki. Fatun birki na hagu da dama tare ake canza su.

Saitin Ƙafafu

In duk waɗannan sun fita lafiya, saura abin da makanikai ke kira alaimen. Faɗawa ramuka kan sa saman wata tayar gaba ya fi na 'yar'uwarta karkata waje, kuma mota takan bi wannan gefen. Kafin a yi saiti, wajibi ne a ɗaga motar da jak a girgiza kowace taya, domin tayarod ko boljoyin da ya yi lako-lako ba ya riƙe saiti.

A baya kuwa, yawan lodi kan karya ƙusar da ke tsakiyar sifirin, gatarin baya ya goce, mota ta riƙa tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Igiya kawai ta isa gano wannan: a auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a kowane gefe, sitiyari na tsaye. In tsawon ya bambanta sosai, an kama ɓarawo.

Malamin kimiyya na iya gudanar da yawancin waɗannan gwaje-gwaje tare da ɗalibansa a jikin motar makaranta, da geji da igiya da littafin rubuta sakamako. Direban da ya saba auna iskar tayarsa kowane mako kuwa, ya tanadi kuɗin taya da na mai, ya kuma tsare rayukan da ya ɗauko.