Shin Ɗan Adam Yana Iya Girgiza Ƙasa?

Bayan girgizar ƙasar da ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, ta hallaka mutane fiye da dubu 50, saƙonni sun yi ta yawo a WhatsApp da Facebook cewa wai Amurka ce ta tayar da ita da wani makami mai suna HAARP. Wasu daga cikin masu ƙaryata wannan magana kuma suka wuce gona da iri, suka ce ɗan Adam ba shi da hannu ko kaɗan a girgizar ƙasa. Duka ɓangarorin sun kauce. Ayyukan mutane suna tayar da girgiza, an tabbatar da haka, sai dai hanyar da suke bi da iyakar ƙarfinsu sun sha bamban da abin da jita-jita ke yaɗawa.

A can ƙarƙashin ƙasa akwai tsagogi tsakanin manyan duwatsu, kuma ƙarfin turereniya yana taruwa a kansu tsawon ɗaruruwa ko dubban shekaru. Abin da ke riƙe su shi ne yadda ɓangarorin biyu suka manne da juna. Idan aka cusa ruwa da ƙarfi kusa da irin wannan tsaga, ko aka ɗora mata nauyin da ba ta saba da shi ba, mannewar takan sassauta, dutsen ya zame. Mutum bai ƙirƙiri ƙarfin ba, kunamar bindigar da aka riga aka ɗana kawai ya taɓa. Haka ta faru a Koyna ta ƙasar Indiya a 1967, 'yan shekaru bayan cika madatsar ruwan da aka gina a can, inda girgiza mai maki 6.3 ta kashe kusan mutum 200. Hujjar da ta fi ƙarfi a ganina ita ce ta jihar Oklahoma ta Amurka. Kafin 2009, girgizar da ta kai maki 3 ba ta wuce ɗaya ko biyu a shekara. A 2015 an samu kusan 900. Dalili shi ne ruwan gishirin da ke fitowa tare da man fetur, wanda kamfanoni ke mayarwa cikin rijiyoyi masu zurfi. Da hukuma ta tilasta rage yawan ruwan da ake durawa, adadin girgizar ya yi ƙasa sosai. Abin da ya ƙaru da aka ƙara, ya ragu da aka rage, da wuya a kira shi dace.

Akwai wasu misalan. Haƙar iskar gas a Groningen ta ƙasar Holan ta tsattsaga dubban gidaje har gwamnati ta dakatar da aikin a 2023, kuma kwamitin binciken gwamnatin Koriya ta Kudu ya ɗora alhakin girgizar Pohang ta 2017 a kan wata tashar da ke cusa ruwa cikin ƙasa don samar da lantarki daga zafinta.

Mai shakka zai ce, tunda ruwan rijiya ya iya, me zai hana makamin ɓoye? Tambayar tana da ma'ana, kuma amsarta tana cikin misalan nan. A kowannensu akwai aiki a bayyane, a wurin da girgizar ta auku, an kuma daɗe ana yin sa. HAARP kuwa tashar bincike ce a Alaska, Jami'ar Alaska ke tafiyar da ita tun 2015, kuma aikinta aika igiyoyin rediyo zuwa saman sararin samaniya. Irin waɗannan igiyoyi ba sa ratsa dutse mai kaurin kilomita goma ko fiye, inda girgizar Turkiyya ta faro. Sannan ga batun girma: girgizar Turkiyya mai maki 7.8 ta ninka mai maki 5.8, wadda ita ce mafi girma da aka gani a Oklahoma, kusan sau dubu a ƙarfi. Yankin da ta afka wa kuma yana kan tsagar Gabashin Anatoliya, inda faifan dutsen da ke ɗauke da ƙasar Larabawa ke tura na Turkiyya. Birnin Antakiya da ya rushe a 2023 ya taɓa rushewa a shekara ta 115 da ta 526, tun babu lantarki a duniya.

Gaskiya ne gwajin makamin nukiliya yana motsa ƙasa; wanda Koriya ta Arewa ta yi a 2017 ya nuna maki 6.3. Amma fashewa da zamewar dutse ba sa barin sawu iri ɗaya a na'urorin awo, kuma na'urorin suna hannun ƙasashe da yawa, har da abokan gaban Amurka, waɗanda da sun ga alama ba za su yi shiru ba.

Abin da ke damuna da jita-jitar makami shi ne tana ɗauke hankali daga tambayoyin da ke da amsa. A Turkiyya, rushewar gine-ginen da ba a bi ƙa'ida wajen gina su ba ita ta ci rayuka masu yawa. A Mpape ta Abuja, da ƙasa ta motsa a watan Satumba na 2018, hukumomi sun dakatar da fasa duwatsu da haƙar rijiyoyin burtsatse a yankin don a yi bincike. Zargin cewa irin waɗannan ayyuka ne suka motsa ƙasar ana iya auna shi, ta hanyar kafa na'urorin awo kusa da wuraren fasa dutse da tilasta wa kamfanoni bayyana lokaci da girman kowace fashewa.